Rabon Dukiya Bayan Mutuwar Aure a Birnin Alƙahira

Hukumar ƙididdiga ta ƙasar Masar ta ba da lissafi cewa a cikin shekarar 2022 an ɗaura aure fiye da 929,000 a ƙasar, aure kusan 270,000 kuma ya mutu. Birnin Alƙahira, inda jama'a suka fi cunkoso, wurin zama kuma ya fi tsada, yana cikin wuraren da sakin ya fi yawa. Abin dai ba yau ya fara ba. Wani masanin tarihi, Yossef Rapoport, ya bi tarihin matan da Malam Sahawi ya rubuta a ƙarni na 15, ya tarar kusan aure uku cikin goma na Alƙahirar wancan zamani da saki ya ƙare. Da ma Hausawa sun ce zo mu zauna, zo mu saɓa.

To, amma in an saɓa har aka kai ga rabuwa, akwai tambayar da ba ta jiran zuciya ta huce. Miji da mata sun shekara goma ko ashirin tare, akwai gado da firji da zinariya, akwai gidan da a ke biya kaɗan kaɗan, akwai yara a makaranta. Wa zai ɗauki me? Wa zai fita, wa zai zauna? Amsar da Masar ta bayar ta cancanci a dube ta, domin ƙasa ce ta Musulmi wadda ta shekara ɗari tana rubuta hukuncin iyali a littafin doka, tana gyarawa, tana sāke gyarawa.

Kowa da nasa

A Faransa, tun daga dokar 1965, ma'auratan da ba su yi wata yarjejeniya dabam ba, duk abin da suka samu a zaman aure na su biyu ne, in sun rabu a raba daidai. A Ingila dokar 1973 ta ba alƙali ikon duba dukiyar duka ya raba yadda ya ga adalci, kuma tun daga shari'ar White da White ta shekarar 2000 a ke ɗaukar rabi da rabi ma'auni, ba a fifita wanda ya nemo kuɗi bisa wadda ta riƙe gida.

A Masar ba haka ba ne. Ƙa'idar ita ce ta fiƙihu: aure ba ya gama aljihu biyu. Abin da mace ta gada, ko ta samu da sana'arta, ko aka ba ta, nata ne, miji ba shi da iko da ƙwandala a ciki. Abin da miji ya samu kuma nasa ne, amma ci da sha da tufafi da wurin kwana da magani duk suna wuyansa, ko da matar ta fi shi arziki. Saboda haka ran da aure ya mutu, alƙalin Alƙahira ba ya tara dukiya wuri ɗaya ya tsaga biyu. Kowa ya kan tafi da abin da ke da sunansa, sa'an nan matar ta bi bashin haƙƙoƙinta ɗaya bayan ɗaya: sauran sadaki, da kayan ɗaki, da ciyarwa, da kyautar sallama, da wurin zaman yara.

Dokokin da ke tafiyar da wannan tsofaffi ne. Akwai doka mai lamba 25 ta 1920 game da ciyarwa, da wata mai lamba 25 ta 1929 game da saki. Kotunan Masar bisa mazhabar Hanafiyya su ke tun zamanin Turkawa, amma waɗannan dokoki biyu sun aro daga Malikiyya, mazhabar da a ke bi a ƙasar Hausa, suka ba mace damar neman alƙali ya raba auren saboda cuta, ko rashin ciyarwa, ko doguwar tafiyar miji. A 1955 aka soke kotunan Shari'a masu zaman kansu, aikinsu ya koma kotunan ƙasa. A 2004 kuma aka kafa kotunan iyali, aka ce kafin a shigar da yawancin ƙararraki sai an bi ta ofishin sulhu, wanda aka ba kwana 15, da damar ƙara wasu 15 in ɓangarorin sun yarda.

Tsakanin yaji da saki

Sau da yawa rigimar kuɗi ta kan fara tun igiyar aure ba ta tsinke ba. Matar ta koma gidan iyayenta, ko mijin ya kwashe tufafinsa ya bar gidan, a yi wata da watanni babu aure babu saki. A wannan tsakani ciyarwa tana nan bisa miji, kuma doka ta mai da ita bashi tun daga ranar da ya daina bayarwa. Sai dai akwai iyaka: kotu ba ta sauraron neman ciyarwar da ta wuce shekara ɗaya kafin ranar shigar da ƙara. Matar da ta yi haƙuri shekara uku tana jiran miji ya shiryu, ta yi asarar shekara biyu ke nan. Gyaran da aka yi a 1985 ya kuma umarci alƙali ya yanka ciyarwa ta wucin gadi cikin mako biyu, don kada uwa da 'ya'ya su zauna da yunwa suna jiran hukunci.

Miji shi ma yana da makaminsa. Yana iya aika mata da takarda ta hannun ma'aikacin kotu, yana kiranta ta komo ɗakinta. Tana da kwana 30 ta kai ƙorafi, ta nuna, alal misali, gidan bai dace ba, ko mijin ba abin amincewa ba ne ga ranta ko dukiyarta. In ta yi shiru har wa'adin ya wuce, sai a ɗauke ta mai bijirewa, ciyarwarta ta faɗi. Da can har 'yan sanda a kan sa su mai da mace ɗakin miji da ƙarfi, amma an hana wannan a 1967. Abin da ya saura yanzu hukuncin aljihu ne kawai.

Wurin zama kuwa, masu gabatar da ƙara na gwamnati suna da ikon ba da umarni na wucin gadi. In auren yana nan, su kan ba miji da mata damar zama a gidan tare. In an yi saki kuma akwai ƙananan yara, su kan ba uwar.

Lakadan da ajalan

Wanda ya saba halartar ɗaurin aure a Kano ko Maraɗi ya san kalmar da waliyyi kan faɗa, cewa an biya sadaki lakadan ba ajalan ba. A Alƙahira ajalan ɗin shi ne babba. Ma'azun, watau jami'in da hukuma ta naɗa don ɗaura aure da rubuta saki, ya kan rubuta sadaki kashi biyu: muƙaddam, wanda a ke biya nan take, da mu'ahhar, wanda ba a biya sai ran saki ko ran mutuwar miji. Iyayen amarya su kan nemi a ɗaga na ajali, don ya zama takunkumi a bakin mijin da ke da saurin furta saki, ya kuma zama guzuri ga 'yarsu in abin ya faru. Na lakadan kuwa, gidaje da yawa su kan sa a rubuta ɗan abu kaɗan, fam ɗaya ko ƙasa da haka, domin kuɗin rajista gwargwadon sadaki a ke biyansa. Akwai kuma shabka, zinariyar da ango kan kai wa amarya a lokacin baiko, wadda al'ada ta ɗauke ta wani yanki na sadaki.

Abokin gabar sadakin ajali shi ne faɗuwar darajar kuɗi. A 2010 dalar Amurka ɗaya ba ta kai fam shida na Masar ba. A watan Nuwamba na 2016 gwamnati ta saki fam, ya faɗi har wajen 18, a watan Maris na 2024 kuma ya sāke faɗuwa zuwa wajen 50. Matar da aka rubuta mata fam 20,000 a 2010 tana riƙe da alkawarin dala wajen 3,500. In an sake ta bayan Maris na 2024, abin da za ta karɓa bai wuce dala 400 ba. Kotu abin da ke rubuce ta ke hukunta biya. Ƙasar Iran ta ci karo da irin wannan matsala, har a 1997 ta yi doka cewa sadakin kuɗi a riƙa lissafa shi bisa tashin farashi. A Masar wasu gidaje sun nemo tasu dabara, su kan ƙulla haƙƙin 'yarsu da nauyin zinariya maimakon takardar kuɗi.

Takardar kayan ɗaki

Babu takardar da ta fi tada jijiyar wuya a auren Masar kamar wadda su ke kira ƙa'ima, ko "ayma" a bakin mutanen Alƙahira. Jeri ne na duk abin da aka sa a gidan amarya, tun daga gado da kujeru da dardumomi har injin wanki da tukwane da cokula, da kuɗin kowane, sau da yawa har da zinariya. Ango ya kan sa hannu cewa ya karɓi kayan nan amana, zai mayar duk ran da aka nema. A cikin jerin a kan haɗa har abin da shi angon ya saya, domin a al'adar birnin, gyaran gida da ya yi shi ne a madadin sadakin da bai ba da a hannu ba.

Al'adar ta daɗe ƙwarai a ƙasar. A tsibirin Elefantin, kusa da Aswan, an tono takardun aure na ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa, masu ɗauke da jerin tufafi da kwanonin amarya da darajarsu. A ɗakin ajiyar tsofaffin takardu na majami'ar Yahudawa ta Ben Ezra da ke Fustat, tsohuwar Alƙahira, wanda aka kwashe yawancinsa zuwa Jami'ar Kambirij a ƙarshen ƙarni na 19, an sami irin wannan jeri masu yawa na zamanin Fatimiyawa da bayansa.

Ƙarfin takardar a yau daga dokar laifuffuka ya ke. Da ya ke amana ce, mijin da ya sayar da kayan, ko ya ƙi mayarwa, sashe na 341 na dokar ya hau kansa, watau laifin cin amana, wanda ɗaurinsa kan iya kai shekara uku. Sauran haƙƙoƙin mace a kotun iyali a ke binsu a hankali. Wannan kuwa yana iya kai mutum kurkuku. Don haka lauyoyi su kan fara da shi, a kansa kuma a kan yi cinikin sulhu.

Kowane ɓangare yana da kukansa. Maza suna cewa a kan cika takardar da kayan da ba a taɓa saya ba, ko a rubuta zinariyar da matar ta fita da ita a wuyanta, sa'an nan a nemi mijin ya kawo. Mata kuwa suna cewa a kan mayar musu da kaya a kakkarye, ko a musanya na kirki da na banza, kuma in ba don tsoron wannan takarda ba da da yawansu sun fita da tufafin jikinsu kaɗai. A tsakiyar 2022 gardama ta ɓarke a Facebook da sauran dandalin intanet, samari suna kiran a soke al'adar. Hukumar fatawa ta ƙasar, Darul Ifta, matsayinta shi ne babu laifi a rubuta takardar, muddin ba a mai da ita abin cutarwa ba.

Ƙofa uku, kowace da kuɗinta

Abin da mace za ta fita da shi ya dangana ga ƙofar da aka bi aka rabu. Ƙofa ta farko ita ce miji ya yi saki don kansa. Doka ta ba shi kwana 30 ya rubuta sakin a wurin ma'azun, a kuma sanar da matar. In ya ɓoye mata, hukuncin dukiya ba ya fara aiki sai daga ranar da ta sani. A nan zai biya sadakin ajali, da ciyarwar idda, wadda kotu ba ta sauraron nemanta fiye da na shekara ɗaya, da kuma kyautar sallama, wadda fiƙihu ke kira mut'a. Wannan mut'a ba ta da dangantaka da auren wa'adi mai irin sunan. Kyautar da aya ta 241 ta Suratul Baƙara ta ambata ce. A Malikiyya mustahabbi ce, a Shafi'iyya wajibi. Masar ta ɗauki wajabcin, doka mai lamba 100 ta 1985 ta ce matar da aka saka ba da yardarta ba, ba kuma da laifinta ba, a ba ta abin da bai gaza ciyarwar shekara biyu ba, a duba ƙarfin miji da tsawon zaman, a kuma iya yarda masa ya biya kashi kashi.

Ƙofa ta biyu ita ce matar ta kai ƙara alƙali ya raba auren saboda cuta. In ta ci shari'a, haƙƙoƙinta suna nan. Wuyar ita ce shaida, domin abin da ya faru a cikin ɗaki ba kasafai a ke samun wanda ya gani ba, shari'ar kuma ta kan ɗauki shekaru. Wannan wahala ce aka nuna a silimar nan ta 1975 mai suna Uridu Hallan, watau "ina neman mafita", inda Fatin Hamama ta fito, silimar da a ke cewa ta taimaka wajen jawo gyaran doka.

Ƙofa ta uku doka mai lamba 1 ta 2000 ce ta buɗe ta, watau hul'i, fansar kai. Asalinsa sananne ne, labarin matar Sabitu ɗan Ƙaisu wadda ta mayar da gonar da aka ba ta sadaki aka raba auren. Abin da dokar ta ƙara shi ne ba a bukatar yardar miji. In matar ta bayyana a gaban alƙali ba za ta iya zaman ba, aka naɗa masu sulhu biyu suka gaza cikin wata uku, sai a raba, kuma babu ɗaukaka ƙara. Amma za ta mayar da sadakin da ta karɓa, ta yafe na ajali, da ciyarwar idda, da mut'a. Riƙon yara da ciyar da su ba sa shiga cinikin, kayan ɗakinta kuma suna nan nata.

A ƙaddara wani ma'aikaci da alƙali ya yanka wa ciyarwar fam 2,000 a wata, sadakin ajali kuma fam 20,000 ne. In shi ya yi saki, zai biya 20,000, da wajen 6,000 na idda wata uku, da mut'a aƙalla 48,000, jimla 74,000. In ita ta nemi hul'i, ba ya biyan ko ɗaya. Daga nan a kan sami mijin da ba ya son zaman, ba ya kuma son biya, sai ya ƙuntata wa matar har ta fanshi kanta. Lissafin hukumar ƙididdiga na shekarun 2021 da 2022 ya nuna fiye da kashi 80 cikin 100 na auren da kotu ta raba da hukuncin ƙarshe ta hanyar hul'i ne. Nan ne kuma fam ɗayan nan da aka rubuta a matsayin sadakin lakadan ke juyowa ya ciji mijin, domin abin da ke rubuce shi matar kan miƙa, sai fa in ya iya tabbatar da cewa abin da ya biya ya fi haka.

Wa zai zauna a gidan?

A Alƙahira yawancin mutane a sashen bene su ke zaune, samun sashen kuwa shi ne abin da kan sa saurayi ya shekara da shekaru bai yi aure ba. A 1979 Shugaba Anwar Sadat ya zartar da doka mai lamba 44, wadda jama'a suka laƙaba wa sunan matarsa Jihan, ta ba matar da aka saka, mai riƙon yara, damar zama a gidan auren. Abin ya girgiza maza, har aka yi wata silimar ban dariya a 1985 mai suna Asshaƙƙa min Haƙƙiz Zauja, watau "gida haƙƙin mata ne", inda miji da matar da ya saka suka ci gaba da zama ƙarƙashin rufi ɗaya don ba wanda ke da wurin zuwa. A watan Mayu na 1985 Kotun Ƙoli ta Tsarin Mulki ta rushe dokar, saboda an zartar da ita ba tare da majalisa ba alhali babu wata larura ta gaggawa. Cikin wata biyu majalisa ta yi doka mai lamba 100, ana gab da taron mata na Majalisar Ɗinkin Duniya a Nairobi.

Dokar 1985 ta wajabta wa uba ya samar wa 'ya'yansa da mai riƙonsu wurin zama da ya dace. In bai samar ba, su ci gaba da zama a gidan auren, shi ya fita; matar kuma tana iya zaɓen a ba ta kuɗin haya maimakon gidan. A 1996 Kotun Tsarin Mulki ta rage wannan, ta ce bai wajaba ba in matar tana da gidanta, ko yaran suna da dukiyar da za ta ishe su. A 2005 aka ɗaga shekarun riƙo zuwa 15 ga namiji da mace.

Abin lura a nan shi ne, haƙƙin na yara ne, uwar a inuwarsu ta ke. Ran da autan ya cika 15, uban yana iya neman gidansa. In ta yi wani aure, riƙon ya kan koma ga mahaifiyarta. Wadda ba ta haihu ba, ko wadda 'ya'yanta suka girma, ba ta da wurin zama bayan idda, ko da ta shekara talatin tana share gidan.

Hukunci a hannu, kuɗi a daji

Cin shari'a dabam, karɓar kuɗi dabam. In mijin ma'aikacin albashi ne abin da sauƙi, domin dokar 2000 ta yarda a yanke daga albashinsa, tun daga kashi 25 cikin 100 ga mata ɗaya har zuwa rabi in akwai mata da yara fiye da biyu. Amma direban tasi, ko ɗan kasuwa, ko wanda ke aiki a ƙasashen Larabawa masu man fetur, gano abin da ya ke samu aiki ne ja. An ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, amma a kotun iyali a kan ɓoye: a mai da shago da sunan ɗan'uwa, a mai da mota da sunan uwa. Wanda ke da hali ya ƙi biya, kotun iyali tana iya tsare shi har kwana 30. A 2020 aka ƙara tsananta sashe na 293 na dokar laifuffuka, da ɗauri har shekara ɗaya, da hana mutum wasu hidimomin gwamnati sai ya biya.

A 2004 aka kafa asusun tallafin iyali a ƙarƙashin Bankin Nasir na jin daɗin jama'a, wanda ke biyan matar, sa'an nan ya bi mijin bashi. Kuɗin asusun daga harajin takardun aure da saki da haihuwa ya ke fitowa. Shekaru da yawa iyakar abin da ya kan biya fam 500 ne a wata, abin da bayan Maris na 2024 bai wuce dala goma ba.

Ladan wahala

Babban giɓin da ya saura shi ne gumin da ba a rubuta ba. A shekarun 2020 zuwa 2023 matan Masar da ke cikin lissafin ma'aikata ba su kai kashi 20 cikin 100 ba, amma lissafin bai ga matar da ta sayar da awarwaronta aka biya kafin alƙalamin gida ba, ko wadda ta yi adashi, abin da su ke kira gam'iyya, aka sayi mota, ko wadda ta tsare shago ba albashi. Duk da sunan miji a kan rubuta. Tana iya bin kuɗinta a matsayin bashi, kuma dokar shaida ta yarda cewa kunyar da ke tsakanin ma'aurata tana iya zama uzurin rashin rubutu, amma nauyin tabbatarwa yana kanta.

A watan Fabrairu na 2022 Shaihun Azhar, Ahmad Attayyib, ya yi kira a raya wata tsohuwar fatawa, haƙƙin kaddi da si'aya, watau ladan wahala da fafutuka. Fatawar ta Malikiyya ce. An fi jingina ta ga Ibn Ardun, malamin duwatsun arewacin Maroko a ƙarni na 16, wanda ya ga matan ƙauye suna noma da girbi da kiwo tare da mazansu, ya ce suna da rabo a abin da aka tara. Littattafan fatawa na Magrib su kan kafa hujja da wani hukunci da a ke dangantawa ga Sayyidina Umar, game da wata masaƙiya mai suna Habiba, wadda aka ba rabin dukiyar da suka tara da mijinta kafin a raba gado. Malaman Azhar sun yi bayani cewa ba rabi ko sulusi ne tsayayye ba, gwargwadon abin da matar ta zuba ne, na kuɗi ko na aiki, hidimar gida ta yau da kullum kuma ba ta ciki. Ƙungiyoyin mata suna ganin wannan ya bar mafi yawan mata a waje, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, wadda ta riƙe gida ita ta ba mijin sararin fita nema.

Wasu ƙasashen Musulmi sun riga sun taka wannan hanya. Indunusiya ta amince da dukiyar haɗin gwiwa a dokar aure ta 1974, kotunan Shari'a na Malesiya suna raba abin da aka samu tare, Tunisiya ta ba ma'aurata zaɓin haɗa dukiya a 1998, Maroko kuma a sashe na 49 na dokar iyali ta 2004 ta yarda su rubuta yarjejeniya dabam, in babu kuma alƙali ya duba aikin kowa. A Masar, ministan shari'a ya kafa kwamitin alƙalai a watan Yuni na 2022 don tsara sabuwar dokar iyali, rabon dukiyar da aka tara tare yana cikin abin da aka ba da sanarwa kwamitin ya duba.

Tun shekarar 2000 dai takardar auren Masar tana da fili inda ango da amarya za su rubuta sharaɗi: wa ke da kayan ɗaki, wa zai zauna a gida in an rabu, nawa za a ba matar. Filin nan sau da yawa a kan bar shi fari, domin iyaye suna ganin maganar saki a ranar biki mugun fata ne.

Mai karatu a Kano ko Damagaram zai ga kamanni da bambanci. A ƙasar Hausa ma kayan ɗaki na amarya ne, hul'i sananne ne a gaban alƙali, mazhabar da ta haifi fatawar ladan wahala kuma ita a ke karantawa a zaure. Abin da ya yi ƙaranci shi ne rubutu: sadaki lakadan ne, ba ya barin guzuri, kayan ɗaki ba jeri, jarin da mace ta ba miji ba shaida. Alƙahira ta nuna rubutu ba ya hana rigima, wani lokaci ma shi ke kawo ta. Ta kuma nuna cewa a gaban alƙali, matar da ta zo da takarda da wadda ta zo da rantsuwa kawai ba sa fita da abu ɗaya.